Numeri Ba Zai Shiga Ta Ƙofa Ba

Ranar kasuwa, 11 ga Satumba

Yau muka tuɓe baƙaƙen kaya. Ba wai kukan ya ƙare ba ne, umarni ne ya zo daga dattawan Roma: makokin waɗanda suka mutu a yaƙin Apuliya kada ya wuce wata guda, don babu gidan da ba a yi rashi ba, har an rasa mace mai farin kaya da za ta yi wa Keres, allahiyar hatsi, hidima. To, mun tuɓe. Inna, uwar mijina, ta ninke nata ta tura ƙarƙashin shimfiɗa kamar wani zai ƙwace.

Ko gawar mijina Numeri ba mu gani ba. Statiyus mai alfadarai, wanda ya bi rundunar da kaya, shi ya ce ya ga mashi ya kayar da shi a bakin kogi. A kan maganarsa Baffa Wibi, ƙanen mahaifin Numeri, ya sa aka haƙa kabari a gefen hanya, aka yanka aladiya, aka kira sunansa, aka rufe ramin babu kowa ciki. Tun daga ranar mijina ya zama matacce, a wurin alloli da wurin hukuma.

Kasuwa ba ta ci ba. Kowa da kunne ya zo, ba da kwando ba. Wai mahayan Numidiya da ke taya maƙiyanmu mutanen Kartaj yaƙi sun doso garin Kapuwa, wai sun wuce ta, wai ko linzami ba sa sa wa doki. Ni dai tsoro nake ji. Ko kare ya yi haushi sai in sa sakata.

Kashegarin kasuwa, 12 ga Satumba

Hayaƙi a bayan tsauni. Har na ɗaure gari da cuku a zane don gudu. Ashe wani sakarai ne yake ƙona ciyawa.

Kwana uku bayan kasuwa, 14 ga Satumba

Wani yana kwana a bukkar gonar inabinmu. An tsinki inabi tun bai gama nuna ba, an bar ɓawo a ƙasa, ga sawun ƙafa babu takalmi. Ban gaya wa Inna ba. In bawa ne ya tsere, da sauƙi. In kuwa ɗan leƙen asirin Kartaj ne...

Kwana huɗu bayan kasuwa, 15 ga Satumba

Rubutun nan ko ni da kyar zan karanta.

Rana tsaka na tafi gonar da wuƙar yankan inabi a hannu, wai ni jaruma. Yana zaune a bakin bukka, ya jingina da ginshiƙi. Na ɗaga wuƙar, sai ya ce, "Ofiliya, ajiye abin nan, kanki za ki yanka."

Muryar Numeri.

Inuwarsa na fara dubawa, tana nan. Sannan iska ta kaɗo mini warinsa. Na rantse da Kastor, fatalwa ba ta wari irin wannan. Rabin kunnensa na hagu babu, haƙarƙarinsa duk a waje. Na yunƙura zan rungume shi, ya ja baya da sauri ya ce, "Kul. Na ga kabarina a hanya. Kin san ba a taɓa ni."

Labarin a gutsure ya ba ni. Ya faɗi, wasu suka faɗo a kansa, ya kwanta a ƙarƙashinsu yana jin mutanen Kartaj suna bi suna ƙarasa masu motsi. Da suka tafi ya rarrafo. An ce waɗanda suka tsira sun taru a wani gari, shi bai ji ba. "Ni hanyar gida na sani." Ta cikin duwatsu ya biyo, yana cin abin da ya samu.

Can kuma sai ya ce, "Wa ya sassaƙa sunana a dutsen? Duk ya karkace." Na ce Baffa ne. Ya ce, "Ai na sani." Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, shi kuma yana kallona kawai daga inda yake.

Kwana uku kafin kasuwa, 16 ga Satumba

Na kai Inna. Ba ta yarda da ni ba, sai da ta cika haɓar zanenta da baƙin wake, ta ɗauki tasar tagulla, irin yadda ake korar fatalwa. Tun daga nesa ta juya masa baya tana watsa waken ta kan kafaɗa, tana kaɗa tasa, tana cewa ya koma wurin kakanninsa. Shi kuwa yunwa ta ci ƙarfinsa, sai ya sunkuya yana tsintar waken yana kaiwa baki. Kowa ya san fatalwa ce ke tsintar wake. Inna ta waiwaya ta gani, tasar ta suɓuce, ta zube a ƙasa tana salatin sunayen alloli har waɗanda ban taɓa ji ba.

Ya ce, "Inna, da dafaffe kika kawo."

Ta ƙura masa ido. Sai ta ce, "Ɗan banza. Tun yana rarrafe komai ya gani sai ya kai baki." Ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, hannuwanta a ƙirji don kada su kai gare shi.

A hanya ta sake jaddada mini abin da na riga na sani. Wanda aka yi wa jana'iza ba ya shiga gida ta ƙofa, Yanus mai tsaron ƙofa ya riga ya ga fitarsa. Sai an cire kasaken rufi an zuro shi da igiya, da rana, a gaban maƙwabta, a yi masa wanka a ba shi madara kamar jariri. Kafin nan ba a taɓa shi, ba a cin tasa ɗaya da shi. Ta ce gobe za mu yi. Baffa Wibi da ya ji, sai ya ce a dakata a ji abin da kasuwa za ta kawo.

Ranar kasuwa, 19 ga Satumba

Ta kawo.

Mai shela ya hau dutsen mahauta. Duk wanda ya tsira daga yaƙin Apuliya ya kai kansa garin Tuskulum kafin tsakiyar Oktoba. Za a haye da su teku zuwa Sisiliya, su zauna can a bakin daga har yaƙi ya ƙare, babu hutu, babu zuwa gida, saboda sun rayu a inda wasu suka mutu. Wanda aka kama yana ɓuya bayan wa'adi, sanda ce har ya daina motsi.

Wata mata ta tambaya, su waɗanda aka yi wa jana'iza fa? Ya ce, "Baiwar alloli, matattu za mu nema? An shafe sunansu."

An shafe sunansu. Ban san yadda na kawo kaina gida ba.

Baffa ya zo da yamma, ko zama bai yi ba. "Ɗan wana ya mutu a bakin kogi da takobi a hannu. Wancan na bukka ban san shi ba. Duk wanda ya taɓa rufin nan, da ni yake yi." Shi sunan gida yake karewa, kada a ce jininsu ya gudu. Ni ba ruwana da sunan gida. Amma abin haushi, bakinmu ɗaya da tsohon nan. Muddin Numeri matacce ne, babu mai ɗauke shi.

Kwana uku bayan kasuwa, 22 ga Satumba

Ina kai masa faten alkama da zaitun, in ajiye a kan dutse in ja baya, kamar yadda ake kai wa kabari. Yau ya ce, "Yaushe za ku cire rufin?"

Na gaya masa shelar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To. Yaushe za ku cire?"

Na ce kai ba ka ji ba ne? Sisiliya fa. Teku cike da jiragen Kartaj, kai ko tsayuwa da kyar kake yi. Ya ce, "Ni dai in zauna gaban murhuna." Na ce murhun ba inda za shi, ka bari yaƙi ya ƙare. "Yaushe zai ƙare?" Ban sani ba, shi ma ya san ban sani ba.

Na yi masa tsawa. Na ce na binne shi sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Ya tura tasar da ƙafa.

Jajibirin kasuwa, 26 ga Satumba

Masu tsinkar inabi za su shiga gona, dole ya bar bukka. Ya koma kogon da ke bayan makabarta, inda makiyaya ba sa zuwa.

Tertiya maƙwabciyata ta tare ni a rijiya. "Ke Ofiliya, wannan mamacin naki akwai ci. Kullum kwando cike, ya dawo wayam. Nawa ko ɓaure na ajiye masa sai dai tsuntsaye." Ta yi dariya, ni ma na yi, amma zufa har gadon bayana. Mijinta da ƙanenta duka can Apuliya suka kwanta. In ta gane nawa ya dawo, me za ta yi?

Ranar kasuwa, 27 ga Satumba

An ga 'yan hukuma biyu a kan dawakai wajen gada. Ban fita ba. Na sa sakata da rana tsaka, na zauna ina sauraron kofato.

Kwana huɗu kafin kasuwa, 2 ga Oktoba

Ba ya kogo. Na neme shi kamar zan haukace, ban isa in kira sunansa da ƙarfi ba. A kan kabarinsa na same shi, kwance rigingine, hannuwa a miƙe a gefe, a bakin hanya inda kowa zai iya wucewa. Abincin jiya da na shekaranjiya suna can a kogo, tururuwa ta rufe.

Na ce tashi, za a gan ka. Ya ce, "Wa zai gan ni? Ɗazu mai awaki ya wuce, ya tofa yawu ya kau da kai. Daidai ya yi."

Na ce ka ci abinci.

"Ofiliya, ina ga Statiyus bai yi ƙarya ba. Ina ga ban fito daga ƙarƙashin gawawwakin nan ba. Na kan ji nauyinsu a nan." Ya dafa ƙirji. "Da na fito, ai da wani ya taɓa ni."

Ina tsaye taku kaɗan daga gare shi. Hannuna ya miƙa da kansa, na janye. In na taɓa shi kafin wanka, ƙazantar mutuwa ta shiga gidan, ta hau Inna, ta hau murhu. Haka aka ce. Na ji tsoro, na janye. Ya ga na janye.

Kwana biyu kafin kasuwa, 4 ga Oktoba

Bai ci ba.

Jajibirin kasuwa, 5 ga Oktoba

Bai ci ba. Ruwa kaɗai, shi ma sai da Inna ta zage shi. Ya daina tambayar rufin. Da yana tambaya ina jin haushi, yanzu da ya daina ne na san tsoro.

Kashegarin kasuwa, 7 ga Oktoba

Inna ta ce mini, tana niƙa ba ta ko kalle ni ba, "Ke kike riƙe da shi a ramin nan, ba Wibi ba. Wibi baki ne kawai." Na ce in na cire rufin na miƙa shi ga teku. Ta ce, "Ni na haife shi. In zai mutu, gara ya mutu yana mutum."

Na fita na bar mata ɗakin. Na tsani tsohuwar nan in ta yi gaskiya.

Kwana uku bayan kasuwa, 9 ga Oktoba

Na je aron tsani wurin Tertiya. Ta ce me zan yi da tsani, na rasa ƙaryar da zan yi, sai na faɗa mata. Fuskarta ta yi fari. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta tafi gada ta kira 'yan hukuma.

Ta ce, "Ya ga mijina da ƙanena?"

Na ce ban sani ba.

"In ya shigo, zan tambaye shi." Ta ɗauko tsanin da kanta, har da igiyar rijiya.

Kwana huɗu bayan kasuwa, 10 ga Oktoba

An yi.

Da hantsi na hau. Ni da ko bishiyar ɓaure ba na hawa. Kasko na farko ya suɓuce ya tarwatse a tsakar gida, ƙarar ta tara mutane. Baffa Wibi ya iso da sandarsa yana huci. "Ke 'yar Ofiliyus, sauko. Gidan ubanki ne?" Na ce gidan mijina ne, Baffa. "Mijinki yana kabari." Na ce to a matsa masa, ga shi nan tafe.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Muryata rawa take kamar ta akuya.

Inna ce ta taho da shi, tana gaba yana biye, tana ta yi masa faɗa ya ɗaga ƙafa. Mutane suka dare. Wasu mata suka rufe fuska, Statiyus mai alfadarai ya tsaya baki buɗe yana cewa, "Na gani fa, da idona na gani." Numeri ya kasa hawa tsanin, ya kai rabi ya tsaya yana haki. Babu mai ikon tallafa masa. Muna kallo kawai. Ya huta ya ƙara, ya huta ya ƙara, har ya kai. Ya ɗaura igiyar a ƙugu da kansa.

Maza ake bukata su riƙe igiya, duk suka yi tsuru-tsuru suna kallon Baffa. Tertiya ta kama, ni na kama, wasu zawarawa suka zo suka kama. Muka fara saki, nauyin ya fi ƙarfinmu duk da ramarsa, igiyar ta fara zamewa tana cin tafin hannuna. Sai na ji ta tsaya cak. Baffa ne a bayanmu, ya yar da sanda ya naɗe ta a damtse, yana zaginmu. "Mata ba su iya komai ba. A hankali, za ku karya shi."

Na sauko na shiga. Yana zaune a ƙasa gaban murhu, hasken rana ta ramin ya sauka a kansa. Inna ta kwara masa ruwan ɗumi, ta naɗe shi da farin zane, ta kafa masa ƙoƙon madara a baki, ta zubo ta gemu. Ya shanye ya ce a ƙara.

Sannan na taɓa shi. A wuya, nan gefen kunnen da ya gutsure. Da zafi jikinsa. Ya kama hannuna ya danne a wurin, ya ƙi saki, har Inna ta ce to a bari mutum ya sa riga mana.

Kwana uku kafin kasuwa, 11 ga Oktoba

Ya ci fate, ya ci cuku, ya ci ƙwai, ya tambayi ko akwai saura. Ya tumɓuke dutsen kabarin ya kawo gida, wai zai yi kyau a bakin rijiya. Tertiya ta zo, suka daɗe a tsakar gida. Ban saurara ba. Da za ta fita ta ce mini ya ga ƙanenta da safiyar ranar yaƙin, yana cin albasa yana tsokanar mutane. Wannan kaɗai, amma ta ce ya ishe ta.

Duk garin ya sani yanzu. Ba sauran ɓuya. Ni na yi wannan da hannuna, kuma teku ba ya fita daga raina.

Ranar kasuwa, 14 ga Oktoba

Gobe ne wa'adi. Na gasa masa gurasa, na ɗinke masa takalmin da Baffa ya aiko. Na ce ko ka koma duwatsu? Ya ce, "Haba, Ofiliya."

Kashegarin kasuwa, 15 ga Oktoba

Ya tafi Tuskulum da sassafe, Baffa ya raka shi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya dafa ginshiƙin, ya sa ƙafar dama a waje a hankali kamar mai gwada ruwa. Ya waiwayo ya ce, "Kin gani? Ta ƙofa."

Na gani. Na riƙe kukan sai da suka sha kwana.

Ranar kasuwa, 30 ga Oktoba

Babu labari. An ce su Numeri sun kai tashar jiragen ruwa ta Ostiya, an ce jirage sun tashi, an ce teku ba kyau a wannan watan. An kuma ce mahayan Numidiya suna yankin Kampaniya. Na ji duka a kasuwa, na sayi gishiri na dawo. Sai a gida na lura ban sa sakata ba tun jiya.

Baffa ya turo mai gyaran rufi, wai damina ta kama, ruwa zai lalata mana ɗaki. Gaskiyarsa, daren jiya sai da muka tara tasoshi, Inna tana ta mita. Na ba mutumin ruwan inabi ya sha, na ce ya tafi, zan neme shi.

Inna ta ce, "Sai yaushe?"

Na ce hayaƙi ya fi fita a haka. Kuma mutane irin su Statiyus ba su ƙare ba, wani zai iya zuwa gobe ya ce ya gani da idonsa, a sake yi wa Numeri jana'iza yana raye. Hawa tsanin nan ba wasa ba ne, ba zan so in sake ba.

Ta kalli ramin, ta kalle ni, ta jawo tasar ta gyara mata zama a ƙarƙashinsa.